Takardar Motar Malam Jibrin

Takardun motar za su ƙare ranar sha huɗu ga Maris, don haka ranar sha ɗaya Alhaji Tambari ya sa farar rigarsa, ya ɗauko tsohuwar jakar fata daga ƙarƙashin katifa, ya bar rumfarsa ta hatsi a hannun maƙwabci, ya nufi ofishin sabunta takardun mota. Haka ya saba yi kowace shekara tun rasuwar yayansa, Malam Jibrin Sharifuddeen, shekara goma sha biyu ke nan.

Motar a-kori-kura ce, Fijo, fara a da, yanzu ta koma launin madarar da ta kwana. Tana kwana a gindin dogon yaro kusa da masallacin unguwarsu, can wajen Hubbare, kuma aikinta ɗaya ne: kai gawa maƙabarta. Malam Jibrin ya saye ta da kuɗin sallamarsa daga aikin koyarwa, ya sa aka yi mata rumfa da wurin ajiye makara. Ba a biyan ko kwabo. Muntari tela ne ke tuƙa ta. Da an yi rasuwa sai ya rufe kekensa ya ɗauki makulli. Da Malam Jibrin ya rasu, magada suka amince a cire motar daga rabon gado, ta ci gaba da aikinta.

Wasiyya ɗaya marigayin ya bari a kanta, ya kuma faɗe ta gaban Tambari da Muntari. Ya taɓa ganin an tsayar da wata mota da gawa a ciki, cikin tsakar rana, ana gardama a kan takarda, masu rakiya suna tsaye a bakin titi. Ya ce kada motarsa ta taɓa hawa titi da matacciyar takarda, ko na kwana ɗaya.

Tambari ya riƙe wasiyyar. Ya kuma ƙara mata wani abu nasa: bai taɓa yarda a canza sunan da ke kan takardar ba.

A can baya wannan bai zama matsala ba, saboda Malam Habibu. Shi ne akawun da ke taga ta biyu, mai tabarau ɗaure da zare, wanda ya san kowace tsohuwar mota ta birni da ubangidanta. Yana cikin waɗanda suka sallaci Malam Jibrin. Duk shekara Tambari zai miƙa takardu, ya zauna a benci ƙarƙashin fanka, a yi hirar farashin gero da ciwon gwiwa. In an gama rubutu, sai Habibu ya ɗaga murya kamar yadda yake kiran kowa: “Jibrin Sharifuddeen!” Tambari ya miƙe ya amsa. Kafin hatimi ya sauka a kan takarda, Habibu zai tsaya da hannunsa a sama ya ce, “Allah ya jiƙan mai mota.” Duk wanda ke layi, wanda ya san marigayin da wanda bai san shi ba, sai ya ce amin. Sannan hatimi ya sauka.

Bana da ya isa, ya tarar an toshe taga ta biyu da katako. An cire bencin. A bango an manna babbar takarda mai hoton hannu riƙe da waya. Wani jami'i mai ɗaurin wuya ya saurare shi cikin ladabi, ya ce Malam Habibu ya yi ritaya tun watan Disamba, kuma yanzu ba a karɓar komai a taga.

“Ta waya ake yi, Baba. A shiga shafin, a sa lambar mota, a biya, a buga takarda. Minti biyar.”

“Ni ga ni, ga takarda, ga kuɗi. Mi ya kawo waya tsakanina da kai?”

“Umarni ne daga sama. Ba ku da wani a gida da ya iya?”

Yana da ita. Halimatussa'adiyya, babbar 'yar marigayin, tana aiki a wani ofishin inshora a Sama Road, tana aure a Minanata. Ranar Asabar bayan azahar ya same ta a falonta. Ta kawo masa fura mai sanyi, ta zauna a ƙasa gefen kujerarsa da wayarta, ta ce ya karanto mata lambar motar. Bai buɗe jakar ba ya faɗa.

Shafin ya ɗauki lokaci yana juyawa. Sau biyu ya kore ta, ta sake shiga. A karo na uku sunan ya fito: Jibrin Sharifuddeen. Ta juyo masa da wayar ya gani. Ya daɗe yana kallo.

“To, ashe sun san shi,” in ji shi. “Latsa mu biya.”

“Tsaya, Baffa. Sun ce sun tura lambar sirri zuwa wayar mai mota. Layin da ya ƙare da arba'in da bakwai.”

Dukansu sun san layin. Lokacin da aka kwashe tsofaffin fayiloli aka zuba a kwamfuta, abin da aka tarar a rubuce shi aka shigar. Wayar Malam Jibrin kuwa, wata ƙaramar baƙa mai tocila, ta daɗe da mutuwa a cikin akwatin littattafansa.

Tambari ya ciro tasa wayar daga aljihu. Ya canza waya sau uku tun rasuwar, kuma kowane karo sai ya sa an kwafe masa lambobin duka. Lambar marigayin tana nan, ƙarƙashin “Yaya”. Bai taɓa kiranta ba.

“In kamfani ya sayar da layin ga wani, saƙon yana wurinshi,” Halimatussa'adiyya ta ce. “Amma Baffa, ba na jin zai ba mu.”

Ya danna. Ya yi zaton zai ji muryar nan da ke cewa layin ba ya aiki. Sai ya ji tana ringi. Ya sa a lasifika ya ajiye a kan gwiwa.

Mace ce ta ɗauka, ana jin ƙarar injin markaɗe a bayanta. Harshenta na Kano ne.

“Salamu alaikum. Baiwar Allah, don Allah wani saƙo anka turo a wayarki yanzu, mai lambobi shida. Namu ne, kuskure anka yi. Ki karanto mini.”

“Ikon Allah,” in ji matar. “Yanzu har Sakkwatawa sun shiga sana'ar? Na ɗauka ku karatu aka san ku da shi.”

“Wace sana'a?”

“Ta kwashe wa mutane kuɗi a banki mana. Wancan watan haka aka yi wa ƙanwata. Shi ma da sallama ya fara, har da tambayar lafiyar yara.”

Halimatussa'adiyya ta rufe baki da gyale. Tambari ya gyara zama, ya yi bayani dalla-dalla, kamar yadda yake yi wa baƙon da ya zo sayen buhu ɗari: layin na yayansa ne, ya rasu, mota ce ta ɗaukar gawa, takarda ce za a sabunta.

Injin ya tsaya.

“Shi ya sa,” ta ce. “Farkon da na sayi layin nan, tsofaffi sun yi ta kira suna neman wani Malam. Wani ma da asuba, wai an yi rasuwa a zo da mota. Na yi ta masifa.” Ta ja numfashi. “Baba, in gaskiya ka faɗa, Allah ya jiƙansa. In ƙarya ce, Allah ya shirye ka. Amma lamba kam ba zan bayar ba. Mijina ya ce ko uwata ce ta kira kada in karanta.”

Ta kashe.

“Tana da gaskiya,” Halimatussa'adiyya ta ce. “Ko ni ba zan bayar ba. Kuma ko ta bayar, mataki na gaba lambar katin ɗan ƙasa na mai mota suke so. Baba bai yi katin ba ya rasu.” Ta ajiye wayar. “Hanya ɗaya ce. A canza suna zuwa na mai rai.”

“Ba a canza shi.”

“A sa naka.”

“In sa sunana a kan dukiyar marayu? Gobe a ce Tambari ya ci motar yayanshi da gawa a ciki?”

“To Saifullah.”

“Ƙanenki da ke Fatakwal, wanda sai an kira shi sau biyar ya ɗauka? Lambar sirrin nan minti nawa take yi?”

“Biyar.” Ta dubi ƙasa. “Ni ina da kati, ina da waya, ina gari. A sa nawa.”

Ya dube ta kamar ta yi wasa. “Mace da motar gawa? Ku da ko maƙabarta ba ku zuwa?”

Ta ɗauke kwanon furar ta shiga ciki.

Takardun suka ƙare ranar Litinin. Muntari ya wanke motar, ya cire kan batir, ya kawo wa Tambari makulli har rumfa. Ya ce shi ma yana wurin ranar da aka yi wasiyyar, kuma ba zai zama wanda ya karya ta ba.

Tambari bai zauna ba. Ya koma ofishin sau uku. An tura shi wurin wani babba, babban ya tafi taro. Wani mutum da ke zama a inuwar katangar ofishin ya ce zai iya fitar masa da takarda da sunan marigayin cikin kwana biyu, wadda ko mai duba takardu a hanya ba zai gane ba sai ya sa ta a na'ura. Tambari ya tambaye shi ko yanzu suna yawo da na'urar. Mutumin ya ce wasu. Tambari ya yi masa sallama.

A kasuwa ya gano ba shi kaɗai ba ne. Akwai mai motar da ya saya hannu na uku, sunan wani Bayarabe na Ibadan ne a kai. Akwai wanda ya biya ta waya, kuɗin ya fita, takarda ba ta fito ba, yana jiran a mayar masa. Akwai waɗanda ba su yarda su sa lambar asusunsu a wurin da ba su ga fuskar mutum ba. Kowa yana da labari, kuma kowane labari da “lokacin Malam Habibu” yake farawa. Tambari ya saurara, bai ba da nasa ba.

Shi ɗan gidan malamai ne. Ya san lada ba ya bin takardar gwamnati, kuma da wani ne ya zo masa da wannan magana da ya yi masa dariya. Duk da haka, duk lokacin da ya yi tunanin takardar da babu sunan Jibrin a kai, sai ya ji kamar za a sake fitar da shi daga gidan.

Kwana goma sha tara motar tana tsaye. Ganyen dogon yaro ya taru a kan gilashinta. A rana ta ashirin Hajjo ta rasu, tsohuwar da ke sayar da daddawa a lungunsu, wadda ta yi goyon rabin mazan unguwar. Ba ta bar ɗa namiji ba. Aka yi sallah da hantsi, aka tsaya ana kallon juna. Wani ya tafi neman motar wata unguwa, ya dawo ya ce ta fita da wata gawar. Aka samu wata a-kori-kura ta haya da ta sauke buhunan albasa. Muntari ya share bayanta da tsintsiya, ya shimfiɗa tabarma biyu, amma warin bai fita ba. Sai ƙarfe sha biyu saura aka tashi, rana ta riga ta yi ƙarfi.

Hanyar fita daga unguwar ta gaban masallaci ta bi. Tambari yana zaune a baya, hannunsa a kan makara, lokacin da suka wuce motar Malam Jibrin a gindin bishiyarta, da rumfarta da komai. Wasu sun kalli motar, sannan suka kalli ƙasa.

Washegari ya nemi gidan Malam Habibu. Ya same shi a zaure a kan buzu, tabarau ɗin nan dai, zaren ne kawai aka sabunta. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Tambari ya ba shi labari tun daga katakon da aka toshe taga da shi har zuwa albasa.

Habibu ya yi dariya har da tari a wurin matar Kano. Da aka zo kan Hajjo ya daina.

“Tambari, shekara goma sha ɗaya ina karya ƙa'ida sabili da kai. Ranar da kaz zo da takardun nan karon farko ya kamata in ce maka a canza suna. Na dubi fuskarka na kasa. Kowace shekara in ce baɗi, baɗin ta zo in kasa.”

“Ai alheri ka yi.”

“Alherin ne ya sa Hajjo ta tahi cikin albasa.” Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba. Ranar da Jibrin ya kawo wagga mota rajista, ni na cika mishi fom. Da munka zo wurin suna, cewa ya yi in rubuta masallacin unguwa. Na ce masallaci ba ya da takardar rajista, ba ya da hoto, ba ya sa hannu. Ya ce to in rubuta Muntari. Muntari ya ce shi tsoron hukuma yake. Mun fi rabin awa a kai, layi ya taru har waje. Na gaji na rubuta sunanshi ba tare da ya ce to ba. Ya yi fushi da ni har sati biyu.”

Habibu ya dube shi, ya ci gaba.

“Sunan nan da kake gadi, ni na sa shi don in sallami layi. Shi abin da ya ce a tsare, ka sani.”

“To kiran da kake yi fa? Da addu'ar?”

“Wannan kam na yi don kai. Na ga kana son ka ji an kira shi.” Habibu ya mayar da tabarau. “Ni ma ina so.”

Daga nan bai koma kasuwa ba. Ya hau babur zuwa Sama Road, ya sa mai gadi ya kira masa Halimatussa'adiyya. Ta fito da sauri, ta ɗauka wani abu ya faru, don bai taɓa zuwa wurin aikinta ba. Suka tsaya a inuwar baranda.

“Katin nan naki yana kusa?”

“Yana jaka.”

“Mi ake bukata?”

Ta lissafa masa ba tare da ta duba ko'ina ba. Ashe ta riga ta bincika tun ranar Asabar ɗin nan. Shaidar rasuwa, takardar amincewar magada da sa hannunsu, rantsuwa a kotu, sannan a shigar da sabon suna da sabon layi.

“Amma Baffa, ka ce mace...”

“Na ce. Ai ba tuƙi za ki yi ba.” Ya kau da kai ya dubi titi. “Jiya na ga abin da na gani.”

An ɗauki kwana tara. Saifullah ya turo sa hannunsa ta waya bayan kira na shida. A kotu aka sa Tambari ya ɗaga hannu ya rantse cewa yayansa ya rasu, abin da bai taɓa faɗa wa wata hukuma ba. Ya faɗa da murya daidai, ya sa hannu, ya fito ya nemi ruwa.

Ranar ƙarshe suka je wani shagon buga takardu kusa da ofishinta, na wata mata mai suna Juwairiyya. Shagon ƙarami ne, janareto na ƙara a waje, mutum uku suna jiran a buga musu takardun makaranta. Lambar sirri ta shigo wayar Halimatussa'adiyya nan take. Ta shigar, ta biya. Bai kai minti biyar ɗin da jami'in ya ce ba.

Juwairiyya ta kai hannu za ta danna a buga.

“Dakata, ɗiyata,” in ji Tambari.

Ta tsaya da yatsa a sama, ta dube shi. Ya gyara tsayuwa, ya rasa inda zai kalla, babu taga, babu hatimi, sai ya kalli injin buga takardar.

“Allah ya jiƙan mai mota.”

“Subhanallahi,” Juwairiyya ta ce, ta dubi Halimatussa'adiyya. “Ba ke ce mai motar ba?”

“Mahaifina yake nufi.”

“Ayya. Amin, amin.” Mutum ukun da ke jira su ma suka ce amin, ɗaya bai ma ɗago daga wayarsa ba. Injin ya ja takarda.

Ta fito da ɗumi. Babu hatimi, sai wani zane mai murabba'i a kusurwa, wanda aka ce shi masu duba takardu ke haskawa. Tambari ya riƙe ta nesa da ido ya karanta: Halimatussa'adiyya Jibrin, kamar yadda aka rubuta mata tun ajin farko na firamare. Ya ninke ta biyu, ya sa a jakar fata a kan tsofaffin guda goma sha biyu, bai cire ko ɗaya ba.

A bakin titi, kafin ya tsayar da babur, ta ce masa baɗi ba sai ya wahala ba. Saƙo zai shigo wayarta sati biyu kafin lokaci, za ta yi daga ofis ta aiko masa.

“A'a. In ya shigo ki kira ni. Kada ki latsa komai sai na zo.”

“Daga kasuwa har nan, don minti biyar?”

“Kuma zan biya in ɗauko Habibu, in ƙafarshi ta bar shi.”

Ta ce to.

Da la'asar ya kai wa Muntari makulli. Tela ya rufe kekensa, ya ɗauko bokiti, suka share ganyen da ke kan gilashi tare. Batir ya yi sanyi, sai da mutum huɗu daga masallaci suka tura ta har bakin kwalta kafin ta tashi.